Mutum-mutumi a Falo: Mu Fahimta Kafin Mu Saya

Duk mai bin hanyar Jega zuwa Koko, ya ratsa ƙasar Maiyama ya wuce ta Andarai, zai lura da yadda gine-ginenmu ke sauya kama. Inda a da soraye da ɗakunan ƙasa suke, yanzu bulo ne da kwanon rufi mai launi. Manomin da Allah ya ba sa'ar albasa a Aliero, da ɗan kasuwar da ciniki ya karɓa a Jega, da ma'aikacin da ya tara 'yan kuɗinsa, kowa burinsa ya yi gini na zamani: falo mai faɗi, tayil a ƙasa, silin na filasta a sama, kujerun kushin, ga talabijin a jikin bango. Wannan ci gaba ne, abin a gode wa Allah.

Sai dai sabon ɗaki yakan zo da sabuwar tambaya: da me za a ƙawata shi? Amsar da hotunan Facebook da TikTok da finafinan ƙetare ke nuna mana kullum ita ce mutum-mutumi. Zaki biyu a bakin ƙofa, doki ya yi tsaye da ƙafafun baya a kan tebur, gaggafa ta buɗe fukafukai a kan kabad, mace ɗauke da tulu a kusurwar falo. Sannu a hankali irin waɗannan kaya sun shiga shagunan kayan ɗaki, har sukan faɗo cikin jeren amarya. Yawancin masu saye ba su da wata manufa, sun gani ne ya ba su sha'awa. Amma abin da za mu girke a tsakiyar gidanmu, 'ya'yanmu su tashi suna kallonsa, ya cancanci mu san mene ne shi, daga ina ya fito, da kuma abin da addini da doka da lafiya suka ce game da shi. Rashin sani, in ji magabata, ya fi dare duhu.

Mene ne wannan ado?

Sassaƙa ita ce fitar da siffa daga itace ko dutse, ko gina ta da yumɓu, ko zuba ta da narkakken ƙarfe. Ta fuskar tsari iri biyu ce. Akwai mai tsayuwa da kanta, wadda za a iya zagaya ta a gan ta gaba da baya, kuma tana da inuwa. Akwai kuma zane mai tudu, wato siffar da aka ɗaga ta a jikin bango ko ƙofa ba tare da ta rabu da shi ba. Ta fuskar kama kuma, akwai mai kwaikwayon zahiri, wadda aka yi ta tamkar abin da ido ya saba gani, har jijiyar wuyan doki da gashin zaki. Akwai kuma wadda ba ta kwaikwayi wata halitta ba, sai lanƙwasa da kusurwa da ƙulli, kamar dagi. Mutum-mutumi shi ne sassaƙa mai tsayuwa da kanta wadda ta kwaikwayi mutum ko dabba ko tsuntsu.

Yana da kyau mu san cewa mafi yawan abin da ake sayarwa a yau ba hannun masassaƙi ne ya yi shi ba. A masana'anta ake zuba shi cikin mazubi, kamar yadda ake buga bulo, a fitar da ɗaruruwa iri ɗaya. Abin da ake zubawa shi ne rezin, wani ruwan roba da ke daskarewa ya yi tauri, ko farar filasta irin ta silin, ko siminti. Daga nan sai a fesa masa fenti mai ruwan zinariya ko na tagulla. Gane shi ba wuya. Ɗauki dokin nan mai ƙyalli ka jinjina shi, za ka ji bai kai nauyin da ido ya ba shi ba. Ƙwanƙwasa cikinsa da farce, za ka ji amon abu mai rami. Bi gadon bayansa da yatsa, za ka ji wani siririn layi inda ɓangarorin mazubin suka haɗu. Juya ƙasansa, sau da yawa za ka ga fari ko toka-toka inda fenti bai kai ba. Tagulla ta gaskiya tana da nauyi da sanyi a hannu, kuma tana ƙara idan aka buga ta. Wanda bai san wannan ba yana iya biyan kuɗin tagulla a kan roba.

Ƙasarmu ba baƙuwar wannan fasaha ba ce

Wasu na ɗauka gina siffar mutum da dabba abu ne da Turawa suka kawo. Tarihi bai nuna haka ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba ta Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka mai ilimin tonon tarihi, wani kan da aka samo a yankin Jama'a, wanda mai shi ya daɗe da kafawa a gonar doya don tsorata masu ɓarna. Daga nan duniya ta san fasahar Nok, wadda binciken masana ya nuna ta haura shekara 2,000. Shi Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Mu ma nan Kabi muna da namu. Lokacin da ake shirin datse Kogin Kwara a Kainji, aikin da aka kammala a 1968, masana sun yi tono a wuraren da ruwa zai cinye, kuma kusa da Yelwa ta Yawuri sun sami ƙananan siffofi na yumɓu da suka haura shekara 1,000. An kuma sami wasu manya a yankunan Sakkwato da Katsina, masu kamannu na daban da na Nok. A ƙasar Zuru kuwa, an san matan Dakarkari, wato Lelna, da gina tukwane da siffofin mutane da dabbobi waɗanda ake ɗorawa a kan kaburburan manyan mutane, irin su sarakuna da jarumai da shahararrun mafarauta.

Abin lura a nan shi ne, irin waɗannan siffofi ba kayan ƙawar ɗaki ba ne a wurin masu su. Na Zuru alamar kabari ne da girmama mamaci. Na Nok ma masana sun fi karkata ga cewa suna da alaƙa da ibada da binne matattu. Siffar mai rai a wannan ƙasa tun asali abu ce mai nauyi, ba a ajiye ta haka kawai.

Da Musulunci ya kafu, gwanintar hannu ba ta mutu ba, hanya ta sauya. Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, da ƙasa da azara, ya ɗaga bakan gizo, ya ƙawata ginshiƙai da zane mai tudu wanda masana gini na duniya ke zuwa nazari har yau. A ƙarni na 20 maginan Zariya da Kano sun riƙa fitar da takobi da agogo da keke da mota har da jirgin sama a fuskar gidajen attajirai, kowa ya gani ya gane abin da aka zana. Wannan kwaikwayon zahiri ne cikakke, amma na abin da ba shi da rai. A cikin ɗaki kuma iyayenmu mata suna da jere: ƙore masu zane, faya-fayai masu launi, tasoshi da kwalla an ɗora su bisa tsari daga ƙasa har kusa da rufi. Ado ba sabon abu ba ne a wurinmu, kuma yana da ƙa'idojinsa.

Abin da addini ya ce

Mafi yawan mutanen Jega da Aliero da Maiyama Musulmi ne, don haka wannan ita ce tambaya ta farko. Malaman mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcin yi da ajiye cikakken mutum-mutumin abu mai rai don ado. Hadisai ingantattu a Buhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin sura, wato siffar abu mai rai, sun kuma nuna cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da ita. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa gumakan da mutanen Annabi Nuhu suka bauta wa asalinsu siffofin wasu salihan bayi ne da aka kafa don tunawa da su. Da zamani ya yi nisa, ilimi ya gushe, sai aka koma bauta musu. Wannan ya nuna hikimar hanin: toshe ƙofa ne tun kafin ɓarna ta shigo, ko da wanda ya fara ajiyewa niyyarsa tsarkakakka ce.

Malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi karantarwa a zaurukanmu, sun yi bayani dalla-dalla. A wurinsu haramcin yana kan siffar da ta tara abubuwa uku: ta abu mai rai ce, tana da inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku ne. Zanen da ba shi da inuwa, kamar na jikin bango ko labule, sun sanya shi a matsayin makaruhi idan an ɗaukaka shi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibanmu suka sani, ta taɓo wannan. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa a kan zanen. An yi rangwame ga 'yar tsanar da yara mata ke wasa da ita, saboda Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da irinta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Akwai kuma wuraren da malamai suka yi saɓani, kamar siffar da ta tsaya iya kai da ƙirji, da abin da ake amfani da shi wajen koyar da likitanci. A irin waɗannan, hanya mafi aminci ita ce mutum ya je gaban malamin da ya yarda da iliminsa ya ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da aka kawo mini, mene ne hukuncinsa?"

Abin farin ciki shi ne ƙofar da aka bari a buɗe tana da faɗi. Lokacin da wani mai sana'ar sura ya kai kukansa ga Ibn Abbas cewa da ita yake ci, bai ce masa ya bar sana'a ba, sai ya nuna masa ya koma yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Don haka itace da fure da 'ya'yan itace da jirgi da gini da kayan aiki duk halal ne, komai kamarsu da zahiri.

Mu kuma tuna cewa a gidajenmu falo ba wurin hira kaɗai ba ne. Nan mata ke shimfiɗa darduma, nan baƙo ke yin sallarsa, nan yara ke bitar karatun allo. Malamai sun karhanta yin salla ana fuskantar sura. Kafin a girke abu a kusurwa, a duba ina alƙibla take.

Jihar Kabi gida ce ga Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya. Abin da maƙwabci ya ajiye a ɗakinsa bisa fahimtar addininsa ba dalilin gaba ba ne, kuma babu wanda ke da ikon shiga gidan wani ko shagonsa ya fasa masa kaya. Inda ake buƙatar kulawa ta musamman shi ne wuraren da kowa ke shiga: ofis, asibiti, makaranta, masauki, gidan abinci. Adon da ba zai sa kowa ya ji ɗar ba shi ya fi dacewa da irin waɗannan wurare.

Abin da doka ta ce

Sha'awar ƙawata falo da tsofaffin siffofi, musamman a Turai da Amurka, ta jawo wa ƙasarmu asarar da ba ta da mayi. Daga shekarun 1990 aka riƙa tone wuraren tarihi a Kaduna da Katsina da Sakkwato ana fitar da abin da aka samu a ɓoye. Siffofin kaburburan ƙasar Zuru ma sun watsu a hannun dillalan ƙetare. Abin ya yi ƙamari har a 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya kayan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, ta gargaɗi kowa kada ya saya. A wannan shekarar aka baje guda uku, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, a gidan tarihi na Louvre da ke Faris. Bayan ƙorafi mai yawa, a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su a matsayin aro na shekara 25.

Me ya sa tonon ɓoye ke da illa haka? Domin darajar abin tarihi ba a jikinsa kaɗai take ba. Masana suna duba zurfin da aka same shi, da gawayi da ɓaraguzan tukwane da ƙwayoyin hatsin da ke kewaye da shi, daga nan su gane shekarunsa da irin rayuwar mutanen da suka yi shi. Mai tonon dare yakan watsar da duk wannan, ya ɗauki kan kawai. Masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin Nok tun 2005 tare da takwarorinsu na Nijeriya, sun iske wurare da dama an riga an birkice su. Abin da aka rasa ta wannan hanya ba ya dawowa.

Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba tare da takarda ba. Aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da dokar ta kare. Saboda haka duk wanda aka kawo wa "tsohon kaya daga ƙasa" yana tsakanin abu biyu ne: ko jabu ne ya yi asarar kuɗinsa, ko na gaske ne ya taka doka.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen. Manomi ko mai haƙar rijiya yakan ci karo da irin wannan siffa, tsoro ko kishin addini ya sa ya farfasa ta. Adana abu a gidan tarihi don nazari daban ne da girke shi a ɗaki don ado ko girmamawa. Masar da Turkiyya da Saudiyya duk suna da gidajen tarihi da ke adana siffofin mutanen da. Mu ma muna da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda fadar sarki ce har 1942 kafin a buɗe shi ga jama'a a 1958, ga Gidan Makama a Kano, ga na Kaduna da Jos.

Haka nan a guji duk abin adon da aka sassaƙa da hauren giwa. Tun 1989 ƙasashen duniya suka amince da haramta cinikinsa a tsakaninsu, kuma 'yan giwayen da suka rage mana, irin na Yankari, ba za su jure wa kasuwar ado ba.

Lafiya da aljihu

Yawancin waɗannan kaya ba don yanayinmu aka yi su ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan haura digiri 40, kuma rezin da ke shan rana ta taga yakan koɗe ya tsage. Da hunturu ƙura takan shige kowane lungu na gashin zaki da fiffiken gaggafa, sharewa ta zama aiki, mai asma kuma ya sha wahala. Filasta tana shan danshi da damina, ta fara ɓarewa. Itacen da bai bushe sosai ba yakan tsage, gara kuma ba ta raina shi.

Babban abin kula shi ne yara. Siffar siminti ko ta filasta mai tsayi da ƙaramin gindi, idan mai rarrafe ya kama ta zai miƙe, kansa za ta faɗo. Idan ta fashe a kan tayil, tsinin ɓaraguzanta yana yanka. Wasu fentin masu arha suna ɗauke da dalma, kuma yaro komai baki yake kai wa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can sarrafa duwatsun zinariya ne sanadi, amma darasin ɗaya ne: dalma ko kaɗan ce tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Duk abin adon da fentinsa ke ɓarewa a nisanta shi daga hannun yara.

Ta fuskar kuɗi kuma, duk naira da muka kashe a kan zubin masana'antar ƙetare ta bar yankinmu ke nan, alhali masassaƙa da maƙera da dukawa da maginan tukwane suna nan kusa da mu, 'ya'yansu na gudun sana'ar saboda ba ta ciyarwa.

Adon da ya dace da ɗakin zamani

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masassaƙi ya san gwanintar da muke magana a kai. Zai dafe gungumen ƙirya da ƙafa, ya riƙa sara da gizago, kowane sara na ɗauke ɓawo kaɗan, babu awo babu zane, ido da hannu kawai, har turmi ya fito da ƙugunsa daidai ta kowane gefe. Hannun da ya iya wannan, ya iya akushi da kujera 'yar tsugunne da sirdi, ba zai kasa fitar da ƙaramin kwalekwale ko rumbu ko ƙofar gari ba idan an nema kuma an biya shi.

Mai son abu mai kama da zahiri yana da zaɓi mai yawa daga rayuwarmu: albasar Aliero da aka gina da yumɓu aka gasa, damin gero ko zangarniyar shinkafa da aka zuba da tagulla, gora da homa irin na masuntan Argungu, zankwayen soro, tulu da randa. Mai aikin silin da ya iya fitar da fure da filasta zai iya fitar da dagi ko bakan gizo a bangon falo. Ƙore masu zane guda uku ko biyar a kan farin bango, ko faya-fayai da aka jera bisa launi, ko allon zayyana na saukar ɗan gida, ko matashin fata na jar akuyar Sakkwato, duk suna zama daram da kushin da tayil. Idan rubutun ayoyi ne, a ɗaga shi sama, nesa da ƙazanta da wurin da ake miƙe ƙafa.

Masu ilimin tsara ɗaki suna da 'yan ƙa'idoji masu sauƙi. Abu ɗaya mai kyau da aka ba shi fili ya fi goma da aka cunkusa. Girman ado ya dace da girman ɗaki. A sanya shi daidai inda idon mai zaune ko mai shigowa zai sauka, haske ya zo masa daga gefe don tudu da kwarinsa su fito. Kada ya tare hanya, kada ya tare iska.

Abin da kowa zai iya yi

Maigida da uwargida su zauna su yi shawara kafin saye, su tambayi kansu: mai rai ne ko marar rai, da me aka yi shi, ina za a ajiye shi, yaro zai kai gare shi? Wanda ya riga ya saya cikin rashin sani kada ya ji kunya. Ya nemi fatawa, ya yi abin da ya dace cikin natsuwa.

Iyayen amarya da ƙawayenta masu zuwa jere su duba kayan ado ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa 'yan tsuntsaye da 'yan mutane suna zuwa ne maƙale a jikin agogo ko fitila ko gilashin fure. Su kuma ba ƙwarya da faifai da akushi gurbi a cikin kabad, ko da ɗaya ne.

'Yan kasuwa su san abin da suke sarowa, su faɗa wa mai saye gaskiya. Idan ya ce, "Alhaji, wannan tagulla ce?" a ce masa roba ce idan roba ce. Su gwada ware kanta ɗaya don aikin hannu na gida.

Masu sana'a su kyautata gamawa: a busar da itace, a goge, a shafa mai, a cika alkawari. Wanda ke sare ƙirya da kaɗanya da maɗaci ya tuna da dashe, domin sana'arsa a jikinsu take.

Manomi ko mai haƙa da ya tono wani abu na da, kada ya fasa, kada ya sayar, kada ya ci gaba da tono. Ya sanar da mai unguwa ko hakimi, su kuma su kai maganar ga hukumar gidajen tarihi.

Malamai da limamai su yi bayanin hukunci tare da nuna halal ɗin da zai maye gurbi, cikin lafazi mai taushi. Makarantu su riƙa kai ɗalibai Argungu su ga kayan kakanninsu, su kuma gayyaci masassaƙi da maginiyar tukwane su koyar a aji. Ƙananan hukumominmu da jami'ar Aliero da sauran ma'aikatu, idan za su ƙawata ofis ko zauren taro, su fara neman masu sana'ar yankin kafin su aika birni.

Son kyau ɗabi'a ce mai kyau, kuma addini bai hana ta ba. Abin da ake nema gare mu shi ne mu haɗa ta da sani: mu tambayi malami game da hukunci, mu tambayi ɗan kasuwa game da kaya, mu ba masu sana'armu aiki, mu kai rahoton abin tarihi inda ya dace. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sanya albarka a gidajenmu da sana'o'inmu.